Ƙwaryar Baba Zacharias

Ranar Asabar ce ta biyu a watan Agusta. Tun asuba ake ruwa, irin mai siririn zuba wanda ba ya niyyar ɗaukewa, hanyar ƙauyensu da ke bayan Gwagwalada ta koma taɓo. A ranar Jonah ya dawo gida, mako huɗu bayan an yi masa dashen ƙoda.

Ƙanwarsa Felicity ce ta ba shi ƙodar. Tana gefensa a bayan mota, tana dafe kwiɓinta duk lokacin da taya ta faɗa rami.

"Yaya, ƙodata ba ta son wannan hanya," in ji ta. "Tambaye ta ka ji."

"Ta ce ta fi jin daɗi a wurina. Ke barkono kike ɗura mata."

Jonah ya shirya wa wannan rana tun kafin a kwantar da shi. Nas ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla: maganin da zai riƙa sha safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa yana kwantar da garkuwar jiki ne, don kada jikinsa ya yaƙi baƙuwar ƙodar. Saboda haka murar da wani zai yi kwana biyu ya warke, shi tana iya kai shi gadon asibiti. Watannin farko babu shiga taro, babu haɗa kofi da kowa, babu zama kusa da kashin tsuntsaye. Ya koma Nyanya ya sayar da tantabarunsa ashirin da shida, har da farar nan da ke sauka a kafaɗarsa. Ya je Idu ya ajiye aikin lodin buhu. Ya saki ɗakin haya.

Abin da ya rage shi ne kuɗin magani na kowane wata, shi kuma Baba Zacharias ya ɗauka. Shi ne yayan mahaifinsu, shi ke riƙe da gidan da gonaki tun rasuwar iyayensu. Ya ce doyar gonar bakin rafi ta Jonah ce muddin yana shan magani, ya kuma sa an yi wa ɗaki ɗaya sabon daɓen siminti.

Sai dai gidan yana da al'adarsa tun zamanin kakansu. Duk wanda ya dawo daga bakin mutuwa, a kan dama kunu a tsohuwar ƙwaryar gidan, kowa ya kurɓa, daga babba zuwa ƙarami, shi kuma ya shanye abin da ya rage. Da haka ake sanin ya dawo cikin dangi. Jonah ya kira Baba a waya sau biyu ya gaya masa ba zai iya ba. Duka biyun amsa ɗaya ya samu: "Ka zo dai."

Da motar ta tsaya, ya ga rumfa cike da mutane, sun matsu saboda ruwa. Ya gyara takunkumin da ke fuskarsa. Mata suka fara waƙar godiya, hannuwa suka miƙo ta ko'ina. Ya dafe ƙirji yana rusunawa, bai kama ko ɗaya ba.

"Oga likita ya iso," in ji Wisdom, ɗan Baba Zacharias, yana jan hanci. "A kawo masa safar hannu kada mu shafa masa ƙauye."

Aka yi dariya. Jonah ma ya yi, cikin takunkumi.

Ba a daɗe da addu'a ba aka fito da ƙwaryar. Baƙa ce, ta sha ɗinki a gefe ɗaya. Baba Zacharias ya kurɓa, ya goge gashin baki, ya miƙa. Jonah ya bi ta da ido. Tsohuwar da ke tari tun zuwansu ta sha. Wisdom ya sha. Wata ta ɗora wa ɗanta na goye a leɓe. Baki goma sha tara ya ƙirga kafin ƙwaryar ta dawo hannun Baba.

Tsohon ya taso da kansa, ya tsaya gabansa.

"Karɓi, ɗana. Ka dawo."

Jonah ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ɗinkin cikinsa ya ja shi.

"Baba, na gode. Ba zan sha ba."

Baba ya ƙara matso da ƙwaryar.

"Kurɓa ɗaya. Ubanka ya sha a cikinta lokacin da maciji ya sare shi. Ni na sha."

"Ku da garkuwarku kuka sha, Baba. Tawa an kwantar da ita da gangan. Bayan wata shida ku dama wani, ku zuba mini a kofina, in sha a gabanku."

"Kofinka." Baba ya juya ya dubi jama'a. "Kun ji. Bakinmu ne mai datti. Mu da muka yi azumi saboda shi."

"Ban ce haka ba."

"Ka ce. Da hannunka ka ce tun daga ƙofa."

Felicity ta matso a hankali, hannu a kwiɓi.

"Baba, ku yi haƙuri in sa baki. Abin da ke cikinsa nawa ne. Saura ɗaya gare ni, ba ni da wata da zan ƙara ba shi. In dole sai an sha, ku ba ni."

"Ke ba ki yi ciwo ba."

Jonah ya miƙe.

"Ni ciwo ne ya kai ni, Baba. Ita da ƙafarta ta je, lafiyarta ƙalau, ta kwanta aka yanka ta. Ko kujera ba wanda ya ba ta tun da muka shigo."

Wata mata ta yi sauri ta janyo benci. Baba bai dubi wajen ba.

"Saurara, Jonah. Wanda bai sha a ƙwaryar gidan nan ba, ba zai ci daga gonar gidan nan ba. Ba ni na kafa ba, haka na tarar."

Maganin mako biyar ne kawai a jakar Jonah, ya san adadinsa ƙwaya-ƙwaya. Ya dubi kunun. Kurɓa ɗaya, wataƙila ba abin da zai faru. Sai ya tuna shekara biyun da ya yi yana zuwa wankin ƙoda, injin yana zuƙe jininsa yana mayarwa, an auna masa ruwan da zai sha a yini kamar turare. Ya tuna Felicity a kan gadon da ake turawa, tana tsokanar nas don kada ya ga tsoronta.

Ya buɗe jaka ya ciro gorar ruwan da aka tafasa masa. Ya sauke takunkumi, ya sha a gaban kowa, a hankali, har rabi. Ya mayar da takunkumin.

"Na dawo, Baba. Ko kun yarda ko ba ku yarda ba, ga ni a tsaye. Ku riƙe doyar."

Baba Zacharias ya kifar da ƙwaryar. Kunun ya bi ruwan sama ya gangara ƙofar gida.

Direban da ya kawo su bai riga ya juya ba, sai Jonah da Felicity suka koma cikin motar. A hanya Felicity ta ce ɗakinta na Nyanya, inda take ɗinki, zai ɗauke su, za ta raba shi da labule, ta hana masu kawo ɗinki wuce baranda. In ya yi ƙarfi zai riƙa yi mata yanka da sa maɓalli, aikin zaune ne. Ranar Litinin kuma za su koma asibiti su nemi wata ma'aikaciya mai haɗa marasa lafiya da masu taimako.

"Keken ɗinki ɗaya ba zai sayi maganin nan ba," in ji Jonah.

"Na sani. Mako biyar gare mu mu nemo na biyu. Kai dai kada ka kuskura ka lalata mini kaya."

Ya jingina da kujera, ya ɗora tafin hannu a ƙasan cikinsa ta dama, inda ƙodar take. Ya lissafa abin da ya tafi: tantabaru ashirin da shida, aikin Idu, ɗakin haya ɗaya, ɗaki mai sabon daɓe ɗaya, doyar gonar bakin rafi, Baba Zacharias, da ƙoda ɗaya daga jikin Felicity.