Firintar Anti Kashiya

Anti Kashiya ta sake danna maɓallin bugawa. Firintar rasit ta yi gurnani, ta amayo doguwar takarda cike da rubutun da ko aljani ba zai karanta ba.

"Yau ko ni ko ke," ta ce da ita.

Da safe Maigida, mai kantin, ya dire mata kwalin firintar a kan tebur. Ya ce in har yamma ba ta haɗa ta da kwamfuta ba, zai kawo ɗan yayarsa wanda ya san kan na'ura ya zauna a kujerarta. Kujerar da ta ci shekaru a kai tana rubuta rasit da biro har yatsanta ya yi kanta. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai.

Ta kira ƙaninta mai gyaran waya.

"Yaya, direba kika sa ba daidai ba. Takardarki siririya ce, kin ɗauko na mai faɗi."

"Wane direba kuma? Mota ce?"

"Manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta. Goge wancan, ki sauke na siririyar. Ina da mutane, sai anjima."

Ta goge, ta sauke, ta sa sabo. Takardar ma ta ƙare, ta zura sabon naɗi. Kwamfuta ta ce ba ta ga firinta ba. Ta durƙusa ƙarƙashin tebur, gwiwa na ƙara, ta sauya wa wayar firintar rami, ta zaɓi sabon ramin a cikin saiti. Tsakani tana sallamar masu sayen sabulu da madara, tana murmushin dole.

Wannan karon takarda ta fito daidai tsawon rasit, amma fara fat. Ta nemi gurbin tawada, babu. Ƙanin nata kuma ya daina ɗauka.

Ta haɗa shayi don kada ta yi kuka, ta ɗora kofin a kan tarin takardun da suka lalace. Da ta ɗaga, sai ga baƙin zobe a jikin ɗaya. Ta juya bayan takardar ta ɗora kofin, babu komai. Ashe zafi ne ke rubutun, kuma fuska ɗaya ce ke karɓa. Ta buɗe murfi, ta juya naɗin takardar, ta danna. Sunan kanti ya fito baƙi wuluk, da farashi a jere.

La'asar sakaliya Maigida ya shigo, saurayin nan ɗan yayarsa na biye da shi yana latsa waya. Ya karɓi rasit, ya duba sama da ƙasa.

"Madalla, kin yi ƙoƙari. To ki nuna masa yadda ake yi, saboda ranar da ba kya nan."

Anti Kashiya ta gane karatun sarai. Ta zare naɗin daga cikin firinta ta miƙa wa saurayin.

"Bismillah, ɗana. Fara da sa takarda."

Ya karɓa da hannu ɗaya, ya zura ta a juye, ya rufe murfin. Ta gyara zama a kujerarta, ta kira mai saye na gaba.