Tukunyar da Yalini ta hana bori

Tun ranar da Yalini ta sauka birnin Trondheim na ƙasar Norway karatun jinya Anti Mangai ta sa mata ido. A tashar bas suka haɗu. Matar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Da ta ji sunan mahaifinta sai ta tafa hannu, wai ta san ƙauyensu a Jaffna, can ƙasar Sri Lanka. Daga nan duk Asabar sai waya: "Muna taron matasa a makarantarmu ta Tamil, ki zo." Yalini ta yi ta ba da uzuri har uzuri ya ƙare mata.

Ba ƙin mutane take yi ba. Can ƙarshen arewacin Norway aka haife ta, a wani ɗan gari na masu sarrafa kifi, inda gidansu kaɗai ne na 'yan ƙabilar Tamil. Iyayenta kullum suna wurin aiki, biki ko ɗaya ba ta taɓa gani ba. Yaren ma abin da ta iya bai wuce na gaisuwa da na cin abinci ba. Tsoronta kada ta shiga cikin mutanenta su gane fatar ce kawai irin tasu.

Sai ga Pongal ya zo, bikin kaka da Tamil suke yi don gode wa rana. A wannan shekarar Anti Mangai ta yi ta ja da dattawa har suka yarda matasa ne za su ɗora tukunya. Wannan karon ba ta yi waya ba, da motarta ta zo ƙofar gidan ɗalibai ta dinga danna ham har Yalini ta fito.

A filin ajiye motoci na bayan makarantar aka kafa murhun gas. An share dusar ƙanƙara, an jingina rake biyu, an ɗora sabuwar tukunyar ƙasa cike da madara da ruwa. Sanyi kamar ya cire kunne. Rana ta ɗan leƙo ta saman rufi, kuma kowa ya san ba za ta kai awa guda ba za ta faɗa bayan dogon benen da ke kusa. Dole a gama a gabanta.

"Yalini, 'yata, tsaya nan ki kula da tukunyar," in ji Anti Mangai. "Ke ce 'yar arewa, sanyi ba ya kama ki. In ta taso za mu gani ta gilashi."

Duk suka shige ciki, su fiye da sittin, suka bar ta.

Yalini ta ji daɗi. Aiki ne da ba ya bukatar magana, kuma ta iya shi. Ta tsaya ta ƙura wa madarar ido. Can kumfa ta fara tasowa, fara fat, tana neman bakin tukunya. Da sauri ta duƙa ta rage wuta, ta hura iska a kai. Kumfar ta kwanta. Ko ɗigo bai zuba ba.

Tana ɗagowa sai ta ga an banko ƙofa, mutane sun fito a guje, mata sun tattare bakin sari, dogon zanensu na gargajiya, a saman takalman sanyi. Suka kewaye tukunyar, suka zuba mata ido. Shiru. Wani tsoho mai hular ulu har gira, Kawu Sellathurai, ya leƙa ciki ya yi tsaki.

"Madarar ƙasar nan kenan. Shanunsu ma sanyi ya kashe musu zuciya."

Aka yi dariya, aka koma ciki. Yalini ta ce a ranta, kai, mutanen nan da gaggawa suke. Ta ɗan ƙara wuta.

Karo na biyu ma haka. Kumfa ta taso, ta rage wuta, jama'a suka fito, suka tarar da tukunya kwance lafiya lau. Yanzu dariyar ta ragu. Kawu ya ɗaga kai ya dubi rana, gefenta ya kusa taɓa benen.

"Mangai, ai na faɗa miki. Shekara talatin da ɗaya ina ɗora tukunyar nan, ba ta taɓa ƙin bori ba. Kin ce a ba yara. To ga shi, shekara za ta shigo mana a bushe."

"Kawu, ka yi haƙuri, gas ɗin ne."

"Gas ɗin lafiyarsa ƙalau. Wa ya sayo madarar?"

"Ni ce," in ji wata yarinya mai jan gyale, Kajani, murya ƙasa-ƙasa. "Mai kitsen na saya, Kawu, na rantse."

"Kin karanta kwalin kuwa? Ko kina danna waya?"

Sai a lokacin Yalini ta gane. Bori ake jira. Duk mutanen nan borin suke fitowa gani, ita kuwa sau biyu tana kashe shi. Ta dubi makunnin gas ɗin, yana daidai gwiwarta. Babu wanda yake kallonta. In ta murɗa a hankali, shi ke nan, laifi ya tsaya kan madara da Kajani. Ta dubi Kajani, idon yarinyar ya kawo ruwa.

"Ni ce," ta ce. Ba wanda ya ji. Ta sake faɗa da ƙarfi, har muryarta ta ba ta tsoro. "Kawu, ni ce. Ni nake rage wutar. Na ɗauka kada ta zube."



"Kika rage?" Kawu ya ce. "Da hannunki?"

"Har da hura mata iska." Ta sunkuyar da kai. "Ban taɓa ganin Pongal ba. Ban san komai a kai ba."

Anti Mangai ce ta fara. Ta toshe baki da bakin gyale, kafaɗunta suna rawa, can dariyar ta ƙwace. Sai wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta dafa mota tana share hawaye tana cewa, "Wayyo cikina! Malamar jinya ta ga tukunya da zazzaɓi ta sauke mata shi!"

Kajani ta matso ta riƙe hannun Yalini. "Akka, yayata, kada ki damu. Ni bara na cinye ayabar da aka ajiye wa rana. Har yau ba su daina min gori ba."

"Kuma ba za mu daina ba," in ji Kawu. Yana ta ƙoƙarin ɗaure fuska, gashin bakinsa yana tona masa asiri. "To, mai tsaron madara, tsayuwar me kike yi? Rana za ta jira ki ne? Murɗa shi har ƙarshe!"

Ta duƙa ta murɗa. Wuta ta yi ƙara ta rungume gindin tukunya. Wannan karon ba wanda ya koma ciki. Suka matsu a kewaye, numfashinsu yana hayaƙi, ido ɗaya kan tukunya ɗaya kan rana, wadda rabinta ya riga ya shige. Kumfar ta taso. Hannun Yalini ya zabura da kansa zai nufi makunnin, Kajani ta cafke shi.

"Kul!"

Kumfar ta kumbura, ta yi tozo, ta tsaya a baki kamar mai shawara, sannan ta kwararo ta gefe tana cuu a kan wuta.

"Pongalo Pongal!"

Ihun ya tayar da tsuntsaye daga rufin makarantar. Yalini ta ji bakinta yana faɗa tare da su, ko daidai take faɗa ko ba daidai ba, babu mai sauraro.

Aka miƙo wa Kawu faranti cike da wankakkiyar shinkafa, domin babba ne yake fara zubawa. Ya ɗebi cikin hannu, ya tsaya, sai ya juyo ya juye ta a tafin Yalini.

"Zagaya bakin tukunyar sau uku, sannan ki zuba. Ba haka ba, ta dama. Yauwa. Baɗi ma ke za ki tsaya a nan, amma hannayenki a aljihu."

Shinkafar da sanyi, tururin da zafi. Ta zagaya sau uku tana ƙirgawa a fili da yaren, ta buɗe hannu.