Shuɗin Dutsen Ammu Fikri

Ammu Fikri ya shigo shagona da kwamfuta naɗe cikin tawul, kamar mai kawo mara lafiya asibiti. Tun ina yaro nake sayen kifi a wurinsa a unguwarmu ta Bahari, shi ya sa nake ce masa Ammu, wato baffa.

"Usta Ramzi," in ji shi, yadda ake kiran mai sana'ar hannu a wajenmu, "ta daina ganin intanet. Yau ake bikin cikar jikata kwana bakwai a Kanada. 'Yata Abla ta ce za ta nuna mini ita in an sa ta a rariya, yadda al'adarmu take."

Shekara da shekaru rabonsa da 'yar tasa. Ita ta bar masa wannan tsohuwar kwamfutar, don wayarsa mai maɓalli ce, kuma ya rantse ba zai sake ta ba.

Na kunna. Katin da ke kamo intanet ba waya ya ɓace ɓat, kamar ba a taɓa sa shi ba. Na sake loda manhajarsa, shiru. Na kwance bayanta, na zare katin, na hure, na mayar. Shiru dai.

"Ammu, faɗi gaskiya, ka ba ta shayi ne?"

"Kai, ja can! Ko ƙuda ba ya sauka kanta."

Raina ya fara ɓaci, don na tsani inji ya raina mini hankali a gaban mutane. Ina juya ta, sai yatsana ya ci karo da wani shuɗin dutse, irin wanda muke rataya wa jarirai da motoci saboda kambun baka. An manne shi a gefe da gam, daram.

"Wannan fa?"

"Marigayiya matata ce ta liƙa a murfi, wai kada baki ya raba mu da Abla. Shekaranjiya ya faɗo, na nema masa inda ba zai sake faɗuwa ba."

Inda ya nema masa ɗin kan ɗan maɓallin da ke kashe katin ne. Ya tura shi, ya kuma rufe da gam. Dariya ta taso mini, na haɗiye ta, tausayinsa ya kama ni.

"Sai an ɓamɓare shi, Ammu."

Ya miƙo hannu. "Ba ni wuƙar. Ba wanda zai taɓa mata abu sai ni."

Yana cirewa na tura maɓallin, 'yar fitila ta kawo. Ya ƙi tafiya gida, wai kada ta sake lalacewa a hanya. A kan teburina kiran ya same shi. Ga ƙarar turmi, ga guɗar mata, ga Abla ta ɗago jaririya kusa.

"Baba, ka gan ta?"

Ya sunkuya har hancinsa ya taɓa gilashin, ya ja numfashi mai tsawo. Sannan ya juyo gare ni, ido jawur.

"Usta, ba ka da katin da ke kawo ƙamshin kanta?"