Amyar Kithome ta Ƙarshe

Kavata ta iso bayan gidan tsoho Kithome da kwanon toka a hannu tana haki, ta tarar maza uku sun riga ta, kowa ya goya hannu a baya kamar masu jiran mota. Kwarkwasa ce. Ruwan jiya ya taso ta daga bakin rafi, ga ta nan baƙi ƙirin ta ja layi, ta doshi turaku biyun da amyar tsohon ke rataye a tsakaninsu da waya.

Ta zazzage tokar ta kewaye turakun, amma ƙasa a jiƙe take, toka ta zama laka, kwarkwasa ta bi ta kai abinta. Kowa a wurin ya san maganin: a shafe wayoyin da baƙin mai, ba ta iya tsallake shi. Gwangwanin man ma yana nan a reshe inda mai shi ya rataye shi. Hannun da zai shafa ne babu.

Shekarun baya da ɓarayin zuma suka addabi Kithome, sai ya ja akuya zuwa wajen wani tsoho mai rantsarwa, aka ɗaura wa amyoyinsa kithitu, rantsuwar da mutanen wannan yanki na Kitui ba sa wasa da ita: duk hannun da ba na jininsa ba, in ya taɓa amya ko wayarta, mai shi ba zai ga damina ta gaba ba. Sata ta tsaya cak. To yau ga mai amya a kwance tun kafin shuka, 'ya'yansa suna can birnin Mombasa, kullum sai su ce ƙarshen wata za su zo, mai rantsarwar kuwa ya daɗe a ƙasa. Kavata, bazawarar da shinge ɗaya ya raba gidanta da nasa, tana ji tana gani tsutsar kaki ta cinye amyoyin ɗaya bayan ɗaya, ƙudan zuman suka watse. Saura wannan kaɗai, wadda uban Kithome ya fafe da hannunsa.

Ɗaya daga cikin mazan, Ndambuki, dattijon coci, ya gyara murya ya ce shi sam bai yarda da irin waɗannan abubuwa na mutanen da ba, da ba don bayansa da ya riƙe ba da tuni ya shafa.

"Jiya fa na gan ka da buhun masara a kafaɗa, bayan bai ce uffan ba," in ji Kavata.

Aka yi dariya, amma ba wanda ya motsa. Ita ma mai bakin ba ta motsa ba. Tsoro take ji, tsoro sosai, ga 'yarta Mueni ba ta da kowa sai ita. Ta je bakin shinge ta dawo, ta ɗauki kwano ta ajiye, ta rasa inda za ta sa kanta. Kwarkwasa ta kama gindin turke.

Ba ta yi niyyar gaya wa tsohon ba. Ta shiga ɗakin ne da kofin kunu, ta tarar ya karkata kai wajen taga, idonsa biyu. Ya ce kukan ƙudan ya sauya tun safe, kada ta ɓoye masa. Ta faɗa masa gaskiya, ta roƙe shi ya janye rantsuwar da bakinsa ko na yini ɗaya.

"Uwar Mueni, abin da aka ɗaura da akuya ba a kwance shi da baki." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ku kai ni."

Ta ce jikinsa ba zai ɗauka ba. Ya ce jikin da ma ajiye shi za a yi, ƙudan kuwa ba su yi wa kowa laifi ba, shi ne ya kulle su da wautarsa.

Haka mazan nan uku suka cicciɓi gadon igiyarsa da shi a kai, ba shi da nauyin a zo a gani. Suna fita ƙofa tsohon ya buɗe ido ɗaya ya dubi wanda ke riƙe da wajen kai.

"Ndambuki, ashe bayan ya warke."

Suka tsaya da gadon dab da turken farko, suna dire-diren ƙafa saboda cizo. Hannun Kithome ba ya ɗaguwa da kansa. Kavata ta kama wuyan hannun, ta tsoma yatsunsa a gwangwanin, ta kai su kan waya, tana noƙe nata yatsun kamar mai ɗaukar tukunya daga wuta. Ƙudan suna ta shawagi a kansu, ko ɗaya bai harbe shi ba.

"Da kauri, 'yar nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba fuskarki kike shafa wa mai ba."

Suka gama waya ɗaya, aka zaga da gadon wajen ta biyun. Kwarkwasa ta riga ta kai rabin wannan turken. Kavata ta sake tsoma yatsun, ta fara ja, sai ta ji hannun ya yi wani irin nauyi a cikin nata. Ta san wannan nauyin, ta taɓa jin sa a hannun mijinta. Ta saci kallon fuskar tsohon. Bakinsa a ɗan buɗe, idonsa na kan amya.

Mazan ba su lura ba, suna fama da ƙafafunsu. Rabin waya a bushe take. Tambaya ta zo mata: hannun mamaci hannunsa ne har yanzu, ko kuwa na wanda ke riƙe da shi? Babu wanda za ta tambaya, kuma da ta furta za su sauke gadon su fara salallami, kwarkwasa ta haye. Ta matse yatsun nan masu sanyi a kan waya, ta ja su har ƙarshe, ta dawo ta sake ja da kauri yadda ya ce. A jan ƙarshe babban yatsanta ya goga wayar. Ta ji, ba ta tsaya ba.

Sai da ta mayar da hannun kan ƙirjinsa sannan ta ce, "Ku tafi da shi a hankali. Baba ya riga mu."

Da la'asar gidan ya cika da mata, wani ya hau tudu neman sabis don ya kira 'ya'yan a Mombasa. Kavata ta kasa zama a cikinsu, ta sulale bayan gida da ruwa a buta, ta cika fasasshiyar tukunyar da tsohon ke ajiye wa ƙudansa. Kwarkwasa tana hawa turke har yanzu, tana isa bakin man, ta tsaya, ta juya ƙasa. Kavata ta tsuguna ta wanke hannu da sauran ruwan, ta cuɗa da yashi, baƙin man bai fita daga ƙarƙashin farcenta ba. Wani ƙudan zuma ya sauka a bayan hannun nata da ke jiƙe, ta riƙe shi cak har ya gama sha.