Ƙwallayen Tsamiyar Adda Kadijatu

"Ɗaya," in ji Adda Kadijatu, kanta a sunkuye.

Nas Rachael ta ɗago daga takardar. "Mama, in gajiya ba ta dame ki ba, ɗaya. In ta hana ki komai, bakwai. Har yanzu ɗaya?"

"Ɗaya."

Ni da na rako ta asibiti sai na ji kamar in fasa ihu. Matar da ni na ɗaura wa zani da safen nan saboda hannunta ya ƙi ɗaguwa! Amma mijinta Hammanjoda na tsaye a bakin ƙofa, kuma Bafulatana irin ta da ba ta cewa ta gaji a gaban miji, ko da rai zai fita. Tambaya tara aka yi mata, duk ta ce ɗaya.

Katanga ce kawai ta raba gidajenmu a unguwar Mayo Gwoi. Shekara shida tana fama da ciwon jijiyoyi da likitoci ke kira MS, mai kawo gajiyar da barci ba ya magani, ga zafin Jalingo yana ƙara mata. To amma ciwon da ba ƙurji ba jini, wa zai yarda? Dangin miji sun daɗe da laƙaba mata malalaciya. Yau ga takarda ta goyi bayansu.

"Kin gani ko?" Hammanjoda ya ce da ni a hanya, da Hausarsa ta Fulani da ba ta raba mace da namiji. "Asibiti ma ya ce lafiyanta ƙalau."

Sunan nan na malalaciya ya fi ciwon cin ta. Da muka keɓe ta ce, "Zulai, kar in mutu da shi."

Washegari na kai mata kwano mai murfi da ƙwallayen tsamiya bakwai. "Tunda bakinki ya ƙi, bar shi. Kullum ki zuba gwargwadon gajiyar da kika ji, ba mai kallonki." Da la'asar in leƙo, in buɗe, in rubuta. Shida. Bakwai. Bakwai. Ranar da aka yi ruwan sama, biyar.

Bayan wata guda na ja Hammanjoda muka koma asibiti da takardar da na rubuta. Rachael ta ajiye takardu biyu a gabansa.

"Baba, wannan na gaban idonka ne, wannan na bayan idonka. Kullum tana tashi kamar ta tako tun daga garin Sunkani a ƙafa."

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ashe kunyana ne yake ji."

A ranar ya fito da gadonta inuwar mangwaro, ya ja ruwan rijiya da kansa. Ta kan katanga na ji yana gaya wa 'yan'uwansa mata, "Wanda ya sake ce mishi malalaci, kar ya taka gidana." Da na shiga, Adda na dariya a cikin mayafi.

Ƙarshen damina ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Kwana huɗu, ta cika ranar Laraba da hantsi, Hammanjoda na mata fifita. Na yi kuka, amma wallahi zuciyata sakayau take, don ba ta tafi da sunan ba.

Bayan an kai ta, na shiga share ɗakin, na ga kwanon a gefen filo. Na ɗaga murfin. Ƙwallo ɗaya ne a ciki, sauran shidan na jere a kan tabarma.