Ƙwayar Wake a Jan Gwangwani

Dabarar waken nan tawa ce, ba wanda ya ba ni ita, kuma har zuwa ranar Larabar nan ina taƙama da ita. Digiri na biyu nake yi a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, bincikena kuwa a kan damuwar da ke kama mata bayan haihuwa. Matsalar ita ce mai jego ba ta faɗar cikinta. In an miƙa mata takarda ta ce ba ta yi boko ba, in an karanta mata ta sunkuyar da kai ta ce alhamdulillahi. Shi ya sa na samo gwangwanayen madara uku, na huda murafensu, na naɗe ɗaya da farin ƙyalle, ɗaya da shuɗi, ɗaya da ja. Fari na nufin ko kaɗan, shuɗi wani lokaci, ja kullum. In na karanta tambaya, kowace mace ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya, ta zagaya bayan zana ita kaɗai, ta jefa inda zuciyarta ta ce. Ba suna, ba sa hannu, ni kaina ba zan san wace ta jefa a ina ba. Malamina Dakta Abdulkabir, wanda yabo ke yi wa wuyar fita daga baki, sai da ya ce, "Muhsina, wannan kam kin yi tunani."

Mata goma sha tara Inna Kaltumi ta tara mini a tsakar gidanta a Unguwar Dabo, can bayan Bagwai. Ita ce ungozomar garin, duk jariran da ke goye a wurin a hannunta suka faɗo. Tambaya tara muka yi cikin raha, bayan kowace in juye waken in ƙirga, ana tsokanar juna, wata ma ta ce in ƙaro waken a yi alala. Ta goma ce na karanta da ƙaramar murya: "A cikin satin nan, tunanin ki cutar da kanki ya zo miki?" Azahar ta gabato, akwai abincin 'yan gona da za a kai, saboda haka duk wadda ta jefa sai ta yi sallama ta wuce gida.

Sai da tsakar gidan ta zama ni da Inna na buɗe gwangwanayen. Fari, goma sha takwas. Shuɗi, babu komai. Na girgiza jan don in ajiye, na ji abu ya yi ƙara a ciki. Na juye a tafin hannuna, ƙwaya ɗaya tak.

Nan take na kira Dakta a waya na gaya masa. Ya ce ƙa'ida ita ce in sanar da su duka cewa akwai asibiti, akwai taimako, amma kada in ware kowa.

"Dakta, sun tafi."

"To ki bi su gida-gida. Yau, Muhsina, ba gobe ba."

Na gaya wa Inna Kaltumi. Ba ta yi salati ba, ba ta tafa hannu ba. Mayafinta kawai ta jawo ta ce, "Tashi mu je."

Ban taɓa kula da yawan rijiyoyin ƙauyen nan ba sai ranar. Kowane gida da tasa, baki buɗe, guga a gefe. Ga shi lokacin feshin wake ne, duk zauren da muka shiga sai na ga jarkar maganin ƙwari a lungu, kusa da fartanya. Da safe ma na wuce su ban gan su ba. Yanzu ba abin da idona ke gani sai su.

Gida na farko na ce, "Yaya jiki?" Aka ce da sauƙi. Na biyu, da sauƙi. Na biyar, da sauƙi, har da dariya. Wallahi na ji kamar in kama ɗaya in jijjiga. Mu Hausawa ko ana yi wa mutum kalmar shahada, ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi. Ni da na san haka tun ina yarinya, ga ni ina yawo da tambayar daga gida zuwa gida kamar mai tallar goro. Na maimaita jawabin asibiti a kowane ɗaki, su kuma suna cewa Allah ya saka da alheri.

A gida na takwas muka sami Khaulat, haihuwarta ta fari. Jaririn na kwance a kan gado yana tsala kuka, ita ta juya masa baya tana tsince shinkafa. Na tambayi sunansa, ta yi kamar ba ta ji ba. Na ce ta ɗauke shi mana, ta ce kakarsa na zuwa. Duk abin da na karanta ya dawo mini, uwar da ba ta kallon ɗanta, uwar da ba ta kiran sunansa. Muna fita na riƙe hannun Inna na ce, "Ita ce."

Inna ta dube ni sama da ƙasa. "Ke a wace ƙasa aka haife ki? Ɗan fari ne fa. So kike ta rungume shi a gabanmu, ta kira sunansa, a ce ba ta da kunya? Leƙa ta jikin danga ki gani."

Na leƙa. Khaulat ta riga ta sure shi, ta manna a ƙirji tana yi masa wasa. Kunya ta kama ni, amma tsoron ya fi ta, domin da na ƙara kalma ɗaya a ɗakin nan da na ɗora wa yarinyar mutane abin da zai bi ta har tsufa. Kuma mai jan waken tana nan inda take.

La'asar ta yi muna gida na goma sha biyu, gidan Ummu Salma. Ita ce mai maganar alala da safe. Haihuwarta ta shida, mace mai fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo kunun kanwa, ta tsokane ni wai 'yan birni ba su iya zaman ƙasa ba. Na ce yaya jiki, ta ce da sauƙi. Inna ba ta tambayi jiki ba. Ta ce, "Wa ke dafa miki ruwan wanka?"

"Ni mana, Inna."

"Ina ƙanwar taki da aka ce za ta zo?"

"Aikin gona ya riƙe ta."

"Barci fa?"

Ummu Salma ta yi dariya kawai. Na yi jawabina, muka miƙe. Ta rako mu har bakin zaure, sannan ta tsaya, ta sa hannu bayan buhunan taki ta jawo jarkar maganin feshi, rabinta da saura. Ta miƙa wa Inna ba tare da ta dube ta ba.

"Inna, don Allah ki tafi da wannan gidanki. In Malam zai yi feshi ya aiko a karɓa. Ta dame ni a nan."

Inna ta karɓi jarkar kamar an ba ta ƙwaryar nono, ta ajiye a bayanta, ta zame takalmanta. "Ni ƙafata ta gaji," in ji ta. "A nan zan kwana yau. Gobe in dafa miki ruwan da kaina, mu je asibitin Bagwai a duba mini gwiwa, ke ma a duba ki."

Ummu Salma ta gyaɗa kai, hawaye na zuba, bakinta bai daina murmushin ba. Ni kuwa na jingina da bango na sauke ajiyar zuciya, na ce a raina alhamdulillahi, mun same ta da rai.

Na juya zan fita Ummu Salma ta kira ni. "Malama."

"Na'am."

"Ki yafe ni, na ɓata miki aiki. Na tsaya a gaban jan nan, na kasa. Na ji kamar ana kallona ta cikin zana." Ta goge ido da bakin zani. "A farin na saka nawa."

Na dubi Inna Kaltumi, ita ma ta dube ni. Ba za ta iya barin gidan nan ba, ni ma ban ce ta bari ba. Rana ta yi sanyi, masu feshi sun fara dawowa daga gona da jarkokinsu a kafaɗa.

"Gida bakwai suka rage," in ji Inna. "Ki fara da na bayan masallaci. Ki yi sauri."