Wayoyin Da Eilif Ya Juya

Eilif Bruvold yana cikin zuba gahawa a ɗakin sarrafa injuna sai baƙin da suka zo daga Finland suka kaure da ihu. Shugabarsu, Dakta Marjut, ta dafe allon kwamfuta tana cewa, "Ku zo ku gani! Ya yi zafi! Wallahi ya yi zafi!"

Shekara talatin da ɗaya ke nan Eilif yana kula da injunan wannan tasha da ke cikin kwari a bayan birnin Tromsø, can arewacin duniya. Aikinsu harba igiyar rediyo mai ƙarfi zuwa can ƙololuwar sama inda hasken nan mai launi-launi na daren arewa ke wasa, su ɗumama wurin, masana su auna abin da ya biyo baya. Igiyar tana tafiya ne a murɗe. Ko ɗan koyo ya san murɗin hagu ke aiki, na dama kuwa juyowa yake tun bai kai ba. To su waɗannan baƙi, don taurin kai, murɗin dama suka ce a ba su yau. Ga shi kuwa sama ta ɗauki zafi.

Eilif ya leƙa allon. Ya san wannan zane. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya gan shi a hannun wata ɗaliba, Tonje Elvebakk.

A wancan lokacin dusar ƙanƙara ce ta karya wani reshen eriya, shi ya fita ya gyara da yatsu a sandare, ya juya wayoyi biyu bai sani ba. Takarda ta ce hagu aka ba Tonje, alhali dama ce ta tashi. A kwana huɗun da ta yi tana awo, ta samu sakamakon da bai yi kama da na kowa ba. Bayan mako guda ya gano ɓarnarsa, ya mayar da wayoyin, ya yi gum da bakinsa. Ba mugu ba ne Eilif, girman kai ne kawai irin na gwanin da ba a taɓa kamawa da kuskure ba. Da Tonje ta sake gwajin, komai ya dawo yadda aka saba. Malaminta ya ce lissafinta ne ya karkace. Ta yi shekara tana neman kuskuren da babu shi, daga baya ta tattara nata ya nata ta koma koyarwa a sakandare.

"Kai tsoho, fuskarka kamar an ce kifinka ya tsinke da ƙugiya," in ji Marjut. "Ba ka taya mu murna?"

"Ina zuwa," ya ce, ya ɗauki rigar sanyinsa.

A bas ɗin ƙarfe sha biyu mai zuwa makarantar da Tonje ke koyarwa ya yi ta shirya maganar da zai yi, duk wadda ya shirya sai ya ji ta yi kama da neman mafita. Kunya ce ta cika shi, har da tsoro. Rana ta ɗan leƙo ta bayan duwatsu, kwananta uku da dawowa bayan wata biyu na duhun hunturu, yara a gari kowa da burodin murnar rana a hannu.

Ya sami Tonje a ɗakin malamai tana cin burodi da cuku, tana duba takardun jarrabawa.

"Eilif! Ashe kana raye? Na ɗauka injunan nan sun gasa ka tuntuni."

"Saura ƙiris."

"Zauna mana. Gahawarmu ba ta kai taka muni ba, amma muna ƙoƙari."

Bai iya zama ba. A tsaye ya faɗa mata komai, hularsa a hannu: reshen da ya karye, wayoyin, gyaran da ya yi a ɓoye, da abin da baƙi suka gani ɗazu.

Ta ajiye burodin a hankali.

"Dama aka ba ni?"

"Dama."

"Duk kwana huɗun?"

"Duka."

"To ai awona daidai ne ke nan."

"Daidai ne, Tonje. Ke kika fara ganinsa a duniya."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Ka tuna ranar da na same ka a rumbun injuna? Na ce Eilif, don Allah, ko akwai abin da ya canza a eriya? Me ka ce mini?"

Ya tuna sarai. Ya sunkuyar da kai.

"Ka ce, 'Yarinya, injunana ba sa ƙarya.' Har ka ba ni waina."

"Awon yana nan a ajiye a tasha," ya ce da sauri. "Ban goge ko ɗaya ba. Zan gaya wa Marjut, mace ce mai gaskiya, za ta sa sunanki a gaba. Ko komawa kike so..."

"In koma ina? 'Ya'yana biyu, ga aji huɗu a kaina. Rabin lissafin ma ya gudu." Ta dube shi, ba fushi a idonta, abin da ya fi damunsa ke nan. "Ba barin jami'ar ne ya fi yi mini ciwo ba. Yarda na yi da su. Har yau in zan rubuta abu a allo sai na duba shi sau uku, yara suna ce mini Malama Tsaya-tukuna."

Ƙararrawa ta kaɗa. Ta tattara takardunta ta miƙe.

"Ka faɗa wa Marjut, a gaban kowa, da bakinka. Suna bukatar kwana huɗun nan. Amma kada a sa sunana."

"Haba Tonje, don me? Haƙƙinki ne."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ɗalibai suna ratsawa ta bayanta.

"Haƙƙin waccan yarinyar ne, Eilif, mai zuwa tasha tun kafin a kunna fitila. Da ka zo a shekarar, da ka same ta. Ni yanzu ban san inda zan gan ta in gaya mata ba."

Ta shiga aji ta ja ƙofa.